Mutanen da Tasalla Ta Gina

Ni dai in aka ambaci sunan Bawa, har gobe sai raina ya ɓaci. Shekara talatin da 'yan kai muna tare da mutumin nan, akushi ɗaya, tabarma ɗaya. In aka gan ni a hanya ni kaɗai sai an tambaye ni ko Bawa ba shi da lafiya. To ku gyara zama ku ji abin da ya yi mini.

Sunana Namadi, amma a Kaura Namoda in ka ce Namadi sai an tambaye ka wanne daga ciki. Ka ce Mai Tuta, ko akuya ta san gidana. Shekara ashirin da takwas na yi a reluwe, ina canza wa jirgi layi, ina ɗaga masa tuta, ja ko koriya. A nan Kaura layin dogo ya tuƙe, daga nan sai dai a juya kan jirgi ya koma inda ya fito. Na ga tashar nan da ranta: buhunan gyaɗa har rufin sito, ga auduga, ga fatu, ga shanun Moriki ana tura su cikin tarago suna kuka suna tirjiya. Kuma a kan idona ta mutu. Jirgi ya koma zuwa sau ɗaya a mako, daga nan sai ranar da aka gan shi, daga nan awaki suka gaje layin. Shekarar da aka yanka mana jihar Zamfara na aje aiki. Gari ya ɗauka da murna, ni kuwa ina zaune a zaure ina kallon hannuwana, na rasa abin da zan ba su su yi.

Wata rana na tsinci gwangwanin kifi a ƙofar gida. Na juya shi, na sake juyawa, sai na ga ai wannan tarago ne, ƙafafu kawai ya rasa. Na yi masa ƙafafu da marafan kwalba. Matata Tasalla ta leƙo ta gan ni, ta riƙe haɓa.

"Oh ni! Maigida, tsufan ne ya zo da wuri haka?"

Ni dai na nemo gwangwani na biyu.

Kafin kaka ta zagayo na cinye ɗakin da ɗiyarmu ta bari da ta yi aure. Na ɗora tsofaffin kyaurayen ƙofa guda uku a kan tubali suka zama tebur. Layin dogo da ƙarafan laima na yi shi, na bi gari ina roƙon matattun laimomi har aka fara cewa Mai Tuta ya taɓu. Katakon da layin ke kwanciya a kai, tsinken karan dawa ne, na yanka su tsawo ɗaya, na jera su da ƙaro. Tsakuwar layi kuwa daga gulbin Gagare na ɗebo yashi, na tankaɗe shi da rariyar Tasalla, abin da ya sa na kwana biyu ina cin tuwo ba a yi mini magana ba. Na gina ofishin tasha da kwali, na yi sito, na yi tankin ruwa da gwangwanin madara, na yi wurin canza layi guda huɗu waɗanda ke aiki da gaske, kowanne da ɗan hannunsa na waya.

Sai dai duk da hannu nake tura jirgin, kamar mai tura baro. A nan Bawa ya shigo. Shi mai gyaran rediyo ne a bakin kasuwa, mutumin Shinkafi, dogo, mai yawan dariya. Ya tsaya ya kalli aikin nan ya ce, "Kai Mai Tuta, ka yi gawa mai kyau, saura rai." Ya ciro injin da ke juya kaset daga wata matacciyar rediyo, ya cusa shi cikin kan jirgin, ya kawo tsohon batirin mota, ya haɗa waya da ƙarafan layi. Sati uku muna fama, in ba tartsatsi ba hayaƙi. Ranar da kan jirgin nan ya motsa da kansa ya ja tarago biyar ya zagaya ya dawo tasha, wallahi mu biyu tsofaffi muka rungume juna muna ihu, har maƙwabta suka leƙo ta katanga.

Daga nan kowace Juma'a bayan la'asar muna da aiki. Bawa ne direba, shi ke riƙe da makunnin wuta. Ni ke kan layi da tuta da usur. Na rubuta lokutan tashi da na isowa na manna a bango, kuma dokar da na yi aiki da ita shekara ashirin da takwas ita muke bi: ba ya motsa jirgi sai na gyara layi, na ɗaga kore, na busa usur. In ya yi gaggawa ya tashi a kan ja, sai in dakatar da shi aiki na minti goma, ya zauna yana zagina yana cin gyaɗa. Shi ya dame ni sai da na ƙara kyaure na huɗu na ja layi har Shinkafi, wai ba zai yi ta tuƙa jirgin da bai zuwa garinsu ba. Tun da aka yi duniya jirgin ƙasa bai taɓa shiga Shinkafi ba sai a ɗakina, kuma saboda Bawa na kai shi.

Tasalla ce ta ga abin da ya rage. Wata safiya ta shigo da tsintsiya, ta tsaya ta daɗe tana kallo.

"Tasha ba mutane? Maigida, wagga ai maƙabarta ce ka gina."

Ita ɗiyar magina ce daga Birnin Tsaba, da yumɓu a hannu ta tashi. Washegari ta aika aka sayo mata yumɓu, ta zauna gindin turmi ta fara gina mini mutane, kowanne bai fi gaɓar ɗan yatsa ba. Ta shanya su a inuwa, ta gasa su cikin kasko da ƙaiƙayi, ta shafa musu shuni da jar ƙasa da farar ƙasa. Ba ta yi musu ido ko hanci, amma na rantse kana gani ka san wane ne. Ga shugaban tasha da tumbinsa a gaba, ya karkatar da kai yana duba agogo. Ga Ɗanbaba ɗan dako, wanda buhun gyaɗa ya lanƙwasa wa wuya zuwa hagu har ya mutu a haka. Ga Zuhura mai fura da ƙwarya a ka da hannu ɗaya a ƙugu, kamar yanzu za ta zage ka. Ga wani Bafillace ya tsaya da ƙafa ɗaya, sanda a kafaɗa. Ga tsohon Limamin unguwarmu da rawaninsa da laimarsa, yadda yake zuwa tarbar baƙi. Duk mutanen da muka sani ne, kuma yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Ni da na yi aiki da su na fara manta kamanninsu, ita da take kawo mini abinci tasha ba ta manta ba.

Cikin shekara biyu ta gina mutum arba'in da bakwai. Sannan da daminar da ta biyo baya ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Allah ya tashi kafaɗunta, amma hannun dama bai dawo ba, maganarta ma ta yi nauyi, sai a hankali take jawo kalma. Wato mutanen nan arba'in da bakwai su ne ke nan, ba ƙari, ba mai sake gina ko ɗaya. Jirgi in ya lalace ni da Bawa mu gyara, layi in ya tashi in sake kwantar da shi. Su kuwa ko ƙura da gashin kaza nake share musu. Kowace Asabar da hantsi nakan tallabo ta in zaunar da ita a kujera a gefen tebur, in kunna mata jirgi, ta yi ta nuna su da hannun hagu tana kiran sunayensu.

Ana nan aka ƙaddamar da Shari'a. Kada wani ya ɗauka ina da ja, ni ma na yi kabbara har muryata ta dushe. Aka rufe gidajen giya da na caca, kowa ya shiga taitayinsa, kowa kuma ya shiga duba gidansa da kansa tun ba a ce masa ba. Masu hotuna a bango suka sauke, masu kaset ɗin kiɗa suka tura ƙarƙashin gado. A unguwarmu aka fara maganar kafa kwamitin da zai riƙa sa ido da sasanta mutane, ana neman dattijon da zai shugabance shi. Bawa ya yi Juma'a biyu bai zo tuƙi ba. Na ce hidima ce ta yi masa yawa.

Ranar wata Talata da hantsi sai ga shi. Bai wuce ɗakin jirgi ba kamar yadda ya saba, a zaure ya zauna. Ya gaishe ni, ya sake gaishe ni, ya tambayi mai jiki har sau biyu. Na ce, "Kai Bawa, mi ne ne? Ko wani ya mutu?"

Ya sunkuyar da kai. "Malam ne ya aiko ni."

Malam shi ne Liman Sha'aibu, ɗan tsohon Limamin nan mai laima, shi ya gaji mahaifinsa. A gabana aka haife shi, amma Liman Liman ne.

To ga inda abin yake, ga wanda bai san mu ba. A wurinmu Liman ba ya tarar dattijon da ya kai sa'ar ubansa ya ce masa kana kan kuskure. Kunya ba ta bari. Sai ya nemi amininsa mafi kusa ya saka masa maganar a baki, shi kuma ya kai. Wanda aka aika wa kuma ba ya komawa ya ce, Malam, da gaske kai ka faɗa? Yin haka ƙaryata ɗan aike ne, kuma tsaida Malam ne a gabanka ya maimaita abin da ya yi maka kara a kai. Abin da ake yi shi ne ka gyara, ka yi shiru, in kun haɗu a masallaci ku gaisa kamar ba a yi ba. Haka na taso na tarar, ni ma an sha aika na.

"Mi Malam ya ce?"

"Batun mutanen nan ne na kan tebur. Ya ce mutum-mutumi ne, kuma magana ta fara yawo a gari, wai akwai gumaka gidan Mai Tuta. Ya ce jirgin ba laifi, tashar ba laifi. Kawunan kawai za a cire, in ba kai ba sura. Amma a yi kafin Juma'a, don kada samari masu zafin kai su zo su yi da kansu, su haɗa da tebur ɗin gaba ɗaya."

"Gumaka? Ɗanbaba ne gunki? Wa ya taɓa ganin na durƙusa wa Zuhura mai fura? Ko ido ba su da shi fa, Bawa!"

"Na faɗa masa duka wannan, wallahi na faɗa."

"Ubansa na cikinsu! Ya sani?"

"Ya sani. Ya ce da shi za a fara."

Na dubi Bawa, idanunsa sun yi ja, har yana share su da hannun riga. Ya dafa gwiwata ya ce, "Ni ma raina bai so ba, Mai Tuta. Ka san yadda nake son su. Amma gara kai ka yi da hannunka cikin mutunci." Ni sakarai har haƙuri na ba shi, na ce ba laifinsa ba ne, ɗan aike ne shi. Na raka shi har bakin titi.

Laraba bayan azahar na ɗauki filayar da nake lanƙwasa ƙarafan layi da ita. Ɗakin Tasalla na kan hanya, labulenta a sake. Na ce wa kaina kada in tayar mata da hankali, ciwonta ba ya son tashin hankali, in an gama na gaya mata a hankali. Na wuce, na shiga ɗakin jirgi na turo ƙofa.

Da tsohon Liman na fara, tun da haka aka ce. Yumɓun ya gasu sosai, bai yarda da sauƙi ba, sai da na matsa sannan ya ce ƙas. Rawanin ya gangara kan layi. Na tsince shi na jefa cikin gwangwanin madara. Shugaban tasha ya tsage har kafaɗa. Kan Zuhura da ƙwaryarta suka tafi tare, aka bar hannu a ƙugu. Da na zo kan Ɗanbaba sai na dakata, wuyan nan nasa da ya sha wahala a duniya ga shi ni ma na zo in ƙarasa shi. Na ce masa ya yafe mini, da baki na faɗa, kamar mahaukaci. Ina yi ina hawaye ina istigfari, ni kaina ban san na wanne laifin nake nema ba. Kafin la'asar na gama da su duka. Na mayar da kowa inda yake tsaye, saboda ban san inda zan kai su ba.

Da na kai wa Tasalla koko da yamma na gaya mata. Ta daɗe tana kallona.

"Malam… ya ce?"

"Awo. Bawa ya aiko."

"To," in ji ta. Ta juya fuska bango, kokon ya huce a nan. Da Asabar ta zo na ce in tallabo ta, ta ce ƙafarta na ciwo. Asabar ta gaba ma haka. Daga nan na daina tambaya.

Liman kuwa ban ma samu na gaishe shi kamar ba a yi ba. Washegarin ranar da na yi aikin nan ya tafi Zurmi jinyar wansa, na'ibi ya ci gaba da jan salla. Bayan kwana kaɗan na ji an naɗa Bawa shugaban kwamitin unguwa. Na yi murna, Allah ya sani, har goro na aika masa. Bai zo tuƙi ba, ni ma ban neme shi ba, don ba na iya kallon tashar nan. In na leƙa na ga mutane tsaye ba kawuna suna jiran jirgi sai in janyo ƙofa in koma.

Sati shida aka yi a haka. Wata Asabar da safe na ji sallama a zaure. Na fito sai ga Liman Sha'aibu da wani dattijo ramamme mai sanda. Na ce a raina, wato bai yarda da ni ba, dubawa ya zo yi, har da shaida.

"Baba Namadi, wanga shi ne wana Faruku, na Zurmi, Allah ya ba shi sauƙi. Tun yana kwance nake ba shi labarin jirginka. Ya ce ba ya komawa gida sai ya gani."

Na ce bismilla. Na wuce gaba na buɗe musu ɗakin, raina a ɓace, na tsaya gefe na ce, "Ga shi nan, Allah gafarta Malam. An cika umarni, ba a bar ko ɗaya ba."

Liman ya matsa kusa da tebur yana murmushi, sai murmushin ya ɗauke. Ya sunkuya. Ya bi dandalin tasha da kallo daga wannan gefe zuwa wancan.

"Subhanallahi! Baba, mi ya same su?"

"Abin da Malam ya ce a yi."

"Wane Malam?"

Faruku bai san abin da ake ciki ba, ya dogara sandarsa ya leƙo yana tambaya, "Ina Baban namu? Ka ce har laimarsa an yi." Liman ya miƙa yatsa ya nuna ɗan guntun yumɓu mai farar riga da laima a hannu, ba wuya ba rawani. Faruku ya kalla, ya kalla, sannan ya ja baya ya jingina da bango.

Nan na karya al'adar da ban taɓa karyawa ba, na tambayi Liman baki da baki. Na gaya masa ranar da Bawa ya zo da abin da ya faɗa, kalma bayan kalma. Yana ji yana girgiza kai.

"Baba, wallahi tallahi ban aiki kowa ba. Ba wanda ya kawo mini ƙararka, ban kuma yi maganar gidanka da Bawa ba ko sau ɗaya. Batun sura magana ce mai faɗi, malamai sun yi bayani a kanta dalla-dalla. Da ka zo da mun buɗe littafi mun duba tare, abin da muka gani mu bi. Amma in ce a fara da mahaifina? Ni?"

Ban san lokacin da suka tafi ba. Na tuna dai Liman ya riƙe hannuna yana cewa in yi haƙuri, in bar masa maganar. Ina! Ko hula ban saka ba na nufi bakin kasuwa.

Na tarar da Bawa a ƙofar shagonsa a kan benci, sabuwar hula, sabon carbi, mutum huɗu 'yan kwamiti sun kewaye shi. Kafin in buɗe baki ɗaya daga cikinsu ya miƙe ya kama hannuna da hannu biyu.

"Sannu Baba! Allah ya saka da alheri, ka yi abin da ba kowa ke iyawa ba. Ai ranar zaɓe wasu suka tashi suka ce ba za a ba Malam Bawa ba, wai kowace Juma'a yana gidanka yana wasa da gumaka. Sai ya miƙe ya ce shi nasiha ke kai shi, shekara uku yana binka a hankali, kuma ga shi Allah ya sa ka karya su da hannunka, duk mai shakka ya je ya gani. Nan take kowa ya yi kabbara."

Na juya na dubi Bawa. Ya yi tsuru-tsuru, carbin ya tsaya a hannunsa. Ya miƙe da sauri ya ja ni bayan shago, inda yake zubar da matattun rediyoyi.

"Mai Tuta, tsaya ka ji…"

"Kada ka ƙara kirana da wanga suna! Malam ya dawo. Daga gidana yake."

Maimakon ya durƙusa, mutumin nan sai ya fara yi mini bayani. Wai sun matsa masa. Wai sunansa ke neman ɓaci, ga shi da 'yan mata uku a gida ba a aurar ba, wa zai zo neman ɗiyar mai wasa da gumaka? Wai ko bai faɗa ba wata rana wani zai faɗa, gara da ta zo ta bakinsa.

"To don mi ba ka zo ka ce mini, Namadi, ina cikin matsi, zan daina zuwa ba? Da na hana ka? Don mi ka ɗauki sunan Malam? Ka san ba zan koma in tambaya ba. Ka sani! Da shi ka yi dabara!"

"Ai ba a yi asarar komai ba, jirgin na nan, ko yau muna iya…"

"Hannun Tasalla fa? Yana nan? Kai ka kama mini ita ranar da ta faɗi, Bawa. Kai ka nemo motar da ta kai ta asibiti. Ka san ba ta ƙara gina ko ɗaya!"

Sai ya ɗago ido ya kalle ni, muryarsa ta canza, ta yi sanyi kamar yana gaya wa mai rediyo kuɗin gyara.

"Ni dai ban taɓa ko ɗaya ba. Ko ɗakin ban shiga ba. Hannunka ya yi."

La'ilaha illallahu! Na ɗaga hannu, wallahi na ɗaga, sai na ga furfurar gemunsa na tuna tawa. Na sauke. Na ce masa, "Allah ya isa tsakanina da kai." A duniya ban taɓa faɗa wa wani mahaluki wannan kalmar ba sai shi. Na fito ta gaban 'yan kwamitinsa suna mini Allah ya kiyaye hanya, ban kalli kowa ba.

Na iso gida. Kai tsaye ɗakin Tasalla na faɗa, ko sallama ban yi ba. Tana zaune a bakin gado, ta ɗora mataccen hannun a cinya. Na zube a ƙasa na kwashe komai na gaya mata: zuwan Liman, tsohon da ya zo ganin ubansa, abin da aka faɗa a shago, da maganar da Bawa ya rufe da ita. Na zage shi tas. Na ce munafuki ne, maci amana, shekara talatin ina kiwon maciji a zaure. Na ce ya cuce ni, ya cuce ni cutar da ba zan yafe ba har gaban Allah.

Ta bar ni na yi har na gaji. Sannan ta fara jawo maganarta, ɗaya bayan ɗaya, yadda ciwon ya bar mata.

"Gidan Malam… da kunya. Na yarda. Ba a tambaya."

"Ai shi ne abin da nake faɗa miki!"

"Nawa ɗakin fa?"

Na ɗago kai.

"Na ji wucewarka ranar. Na ji ka tsaya… bakin labule. Na ce yanzu zai leƙo. Sai ka wuce." Ta haɗiye yawu, ta huta. "Bangon nan ba shi da kauri, Maigida. Ina kwance ina ji. Ƙas. Ƙas. Na san na wa ne ya yi tauri, ni na gasa su. Na yi ta kiranka… muryar ba ta fita."

"Tasalla, tsoro na ji kada ciwonki…"

"Ni na gina su. Da ka tambaye ni, ko da rarrafe sai na je wurin matar Malam. Mu mata… muna tambaya." Ta dube ni, idonta a bushe, ba ko ɗigon hawaye. "Kai Bawa ya ci amanarka. To ni wa ya ci tawa?"

Na buɗe baki in ce Bawa ne, sai na rufe. Muka zauna a haka, ana kiran azahar a masallacin Liman, ban iya tashi ba. Can ta ce in miƙo mata ruwa. Na ɗebo a moɗa na kai mata baki kamar yadda na saba tun da ta kwanta, sai ta kawar da kai, ta karɓa da hannun hagu ta sha da kanta.